A Raba Malam Ndagi da Fatar Kaza

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Gidan Abinci na Kaza Ba Hamayya,
Reshen Minna.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka da kaskon suyarka, wanda na ji labarin ba ya hucewa ko ranar hutun gwamnati. Sunana Saudatu, matar Malam Ndagi na Dutsen Kura, tsohon hedimastan nan da yaranka suke kira Baba Hedimasta. Na so in same ka a ofis, sai aka ce mini manaja ba ya fitowa sai in an tsinci gashi a cikin abinci. Ni kuwa ba gashi na tsinta ba, fata na tsinta, shi ya sa na ce bari in rubuto a fili kowa ya karanta.

Ga abin da ke tafe da ni. Cutar yanar ido ta rufe wa maigidana ido biyu. Likita ya ce aikin ba wani mai wuya ba ne, amma ba zai taɓa shi ba sai hawan jini da sukari sun sauka. Mun je, an maido mu. Mun koma, an sake maido mu. Na janye gishiri da dunƙule har miyata ta zama abin da nake jin kunyar ba baƙo. Na kai man gyaɗa ajiya gidan maƙwabta. Malam ya ci zogale, ya ci rama, ya sa mini albarka, amma awo yana nan inda yake. Na zargi jinkirin fansho, na zargi na'urar awon, har kaina na zarga. Ashe ku ne! Tururuwa ce ta tona muku asiri, ranar da na ga ta yi layi tana shiga aljihun kaftaninsa a jikin ƙusa.

Da na tsare shi, sai ya ce in kwantar da hankalina. Wai 'yan fansho ne suka mayar da zamansu na mako-mako gidanku saboda sanyin esi, kuma kuna da wani tsari mai suna Zaɓin Lafiya, shi yake ci. Na yafa mayafina na bi shi. Ga abin da idona ya gane mini, tunda ni Allah ya bar mini nawa.

Na ɗaya. Ina yaba wa wanda ya tsara allon abincinku. Hoton soyayyiyar cinya ya kai girman ƙofar shago. Malam, wanda ba ya gane ni a tsakar gida sai na yi magana, yana gane cinyar nan tun daga bakin titi. Zaɓin Lafiya kuwa yana can ƙuryar sama, an rubuta shi da harufa kamar ƙwayar gero, da ɗan koren ganye a gefe. Ranka ya daɗe, wa kuka rubuta wa? Matashin da idonsa zai iya karanta shi ai ba shi likita ya hana wa mai ba.

Na biyu. An ce kuna da gasasshiyar kaza. Na tambaya, aka ce yanzun nan ta ƙare. Na tambayi abokan Malam, suka ce su ma duk zuwan da suke yi, yanzun nan take ƙarewa. Don girman Allah ka sanar da jama'a: akwai wanda ya taɓa ganinta? Tana raye?

Na uku. Salak ɗinku. Na yi ta neman kabeji da cokali a cikin farin kirim kamar mai laluben ɗan kunne a kwanon kunu. Da na ɗanɗana, wallahi zaƙinsa ya isa a ba yaro ya yi shiru. Sannan lemon kwalba yana biyo abinci da kansa, ba sai an gayyace shi ba, ga sanyi har yana raɓa. Ruwa kuwa sai an roƙa, sai an jira. Lemo marar sukari akwai shi, ban yi muku ƙarya ba, yana cikin kwali a gefen kasko, da ɗuminsa kamar shayi.

Duk waɗannan zan iya haɗiyewa. Na huɗun ne ya hana ni barci.

Malam mutum ne mai jin magana. An gaya masa a asibiti ya riƙa cire fatar kaza, domin a nan mai da gishiri da soyayyen fulawa suke taruwa. Don haka da ya isa kanta yakan ce a cire masa fata. Mai karɓar oda, Treasure, ɗalibarsa ce. Mai suya, Suleiman, shi ma a hannunsa ya koyi ABCD. Sai su cire fatar tsaf, su ɗora masa tsokar a faranti. Madalla. Sannan su naɗe fatar a takarda, su rusuna, su miƙa masa da hannu biyu.

Na ce wa Treasure wannan fa? Ta dube ni da idon gaskiya ta ce, "Mama, Baba ta biya kuɗi na shi. Ba za mu cuce shi ba."

Kai jama'a! Wannan ma somin taɓi ne. Na ga ƙunshin ya fi ƙarfin cinya ɗaya, na ce wace irin kaza ce mai fata haka? Suleiman ya yi murmushi ya ce gyara ce. Wai ma'aikatan ofis ɗin nan 'yan unguwar Maitumbi masu son rage tumbi su ma suna cewa a cire musu, shi kuma ba zai iya zubarwa ba alhali malaminsa yana zaune, sai ya tara masa. Wato, ranka ya daɗe, duk wanda ya zaɓi lafiya a garin Minna, fatar kazarsa a cikin mijina take kwana.

Za ka ce ai sai ya yar. Ba ka san Malam Ndagi ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana sa yara kamun kunne saboda sun jefar da guntun ƙosai, shi ne zai jefa abinci a kwandon shara a gaban ɗalibansa? Sai ya karɓa, ya sa musu albarka, ya cusa a aljihu ya ce zai kai wa kyanwa. Ranka ya daɗe, ba mu da kyanwa. Ba mu taɓa yin kyanwa ba. Tsakanin ƙofarku da Dutsen Kura, a bayan keke Napep, kyanwar take ƙoshi.

Ina tambaya cikin ladabi: da kuka koya wa ma'aikatanku cire fata, ba wanda ya tuna ya gaya musu inda za ta je? Ko kuwa a tsarin kamfaninku, mai ba ya yi wa mutum illa in an ba shi a takarda dabam?

Ba na so a kori kowa. Na rantse in na ji an taɓa albashin yaran nan, wasiƙa ta gaba ba za ta zo da gaisuwa ba. Treasure ce take kama hannun Malam ta sauko da shi matakala. Ƙauna ce suke yi masa, na sani, kuma ƙaunar ce take neman makantar da shi.

Kwanan baya 'yarmu Farida ta haihu, ta kawo jaririn gida. Aka ɗora wa Malam a cinya. Ya shafa goshin, ya shafa hancin, ya bi kunnen da yatsa, sannan ya juyo inda yake jin numfashina ya tambaye ni a hankali wa yaron ya yi kama. Da shi ya yi kama, sak. Na gaya masa, ya ce to. Na shiga kicin na yi kukana. Ina jin haushi, ranka ya daɗe, ina kuma jin tsoro, domin likita ya sake ba mu rana a wata mai zuwa, kuma ban san sau nawa zuciyar dattijo za ta ɗauki a ce masa ya koma gida ba.

Don haka roƙona ɗaya ne. Ban ce ku rage hoton cinya ba, ban ce ku nemo gasasshiyar da ta ɓata ba. Ka tara yaranka ka gaya musu cewa daga yau, in Baba Hedimasta ya ce a cire fata, a cire, a jefa ta kwandon shara nan take, ita da gyararta. Kada su ji tsoron kamun kunne. Su yi a gabansa ma, ba zai gani ba.

Ranar da ya gani, ya ɗaga murya ya ce wane marar tarbiyya ne yake zubar da abinci, a aiko a kira ni. Ni da kaina zan saya wa Treasure da Suleiman kaza guda-guda, da fatarta.

Ina durƙushe ina jiran amsar mai girma, Allah ya ƙara wa kaskonka albarka, ya rage masa gishiri.

Taka mai biyayya, wadda ta ɗinke aljihun kaftani tun jiya,
Saudatu Ndagi,
Dutsen Kura, Minna.