Ranar da Jumare Ya Yi Wa Famfo Godiya

Jama'a, ranar Alhamis ɗin da ta wuce na raka mutum zance, na dawo da shi babu budurwa, sai alkawarin za a buga hotonsa a jarida. Tun da nake raka mutane wurare ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Zan kuma faɗi gaskiya tun daga farko: rabin laifin nawa ne. Ɗaya rabin kuwa na manyanmu ne, Allah ya ƙara musu lafiya da kaifin almakashi.

Jumare maƙwabcina ne a nan wajen Ƙofar Kuyambana, katanga ɗaya ce ta raba mu. Mai ɗinkin hannu ne, irin waɗanda za su yi wata shida a kan wuyan riga ɗaya ba su ɗaga kai ba. Shekararsa talatin da huɗu, ba ya zaman majalisa, kuma idan mace ta gaishe shi ƙasa yake amsa wa. Shekara biyu ke nan yana son Sakinatu, malamar firamare, 'yar Malam Bahago na Kusfa, amma ko sannu bai taɓa ce mata ba. Da yayyensa suka gaji da ganin ramarsa, sai suka je suka nema masa izinin zance. Malam Bahago ya ce ya zo ranar Alhamis bayan la'asar, ya kuma ƙara da cewa shi a gidansa sau ɗaya ake ba mutum lokaci. Duk wanda ya san Malam ya san ba da wasa ya faɗa ba.

Saura kwana huɗu Jumare ya shigo zaurena yana murza hula.

"Kawu Labaran, me zan yi wanda za ta riƙa tunawa da ranar nan?"

Ni kuwa da ma ina jiran wanda zai tambaye ni irin wannan, don shekara ashirin da shida ke nan da na yi nawa zancen, ba wanda ya taɓa neman iliminsa. Na gyara zama na tsara masa abu uku. Zai isa ƙofar gidan a kan Vespar yayansa, don ta ji ƙarar zuwansa tun daga cikin gida. Zai riƙe kwalaben lemo masu sanyi ƙarara. Sannan zai sa rigar da ba a taɓa ganin irinta a Kusfa ba.

Vespa dai tun ranar Litinin muka tura ta layin mai a Tukur-Tukur. Har Alhamis ɗin tana nan inda muka bar ta, ta ci gaba da kamar taku goma, shi ma don wani mai tasi ya yi zuciya ya tura motarsa gida. A daidai lokacin ne wani Ranka-ya-daɗe ya fito a rediyo ya ce mai yana nan jibge, jama'a ne kawai suke da sha'awar yin layi. Na gode masa da wannan bayani. Da ban sani ba cewa kwana uku da na yi ina gadin babur ɗin wani a rana, sha'awa ce take damuna.

Lemo mai sanyi kuwa, mai shagon unguwarmu ya buɗe mana firij ɗinsa don mu gani da idonmu. Ashana da sabulu yake ajiyewa a ciki, ya ce ɓera ba ya iya shiga. Rabonsa da ganin wuta ta kwana tun kafin azumi.

Saura riga ke nan, kuma a nan na shiga da ƙafar dama na ɓata komai. Jumare yana da wata babbar riga fara, aska takwas, wadda ya yi shekara uku yana ɗinka wa kansa a ɗan lokacin da ya samu, ya ajiye ta a ƙasan akwati don ranar ɗaurin aurensa. Shi kaftani ya so ya sa. Na ce ina, tunda babu babur babu lemo, dole riga ta yi aikin mutum uku. Mero, uwargidana, ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Malam, zance za shi ko naɗin sarauta?" Na ce mata wannan harkar maza ce. Muka kai rigar wurin mabuga, suka buge ta har tana ɗaukar ido.

Ana sallame la'asar muka kama hanya a ƙafa, shi a gaba kamar sabon ango, ni a baya da tsohuwar rigata ta zuwa kasuwa. Nufina in raka shi bakin lungun gidan in juyo.

Muna dosar Kusfa na ga an shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. A garin nan idan ka ga dutse ya yi wanka, to, wani babba ne zai wuce. Ai kuwa a filin da ke bakin unguwar sai ga rumfa, ga kujeru, ga lasifika a kan sanda. A tsakiya an gina ɗan dandamalin siminti da bai gama bushewa ba, an dasa famfo sabo fil a kai, an ɗaure shi da kyalle kore. Mai Girma Uban Almakashi, babban nan da ba ya gajiya da yanka kyalle, shi ne zai zo ya buɗe wa mutanen Kusfa ruwa.

Mun raɓa gefe za mu wuce sai wani mai fayil a hammata, da biro uku a aljihu, ya sha gaban Jumare. Bai dubi fuskarsa ba, rigar ya duba tun daga wuya har ƙasa.

"Alhaji, barka da isowa. Tun ɗazu kujerarka take jira."

"Ba ni ba ne," in ji Jumare. "Wucewa zan yi, ina da ɗan uzuri a gaba."

"Wane uzuri ne ya fi ruwan jama'a, Alhaji?"

To, a nan ne tarbiyya ta kashe mu. Da wani ɗan zamani ne, da sai ya ce zance za ni, a ba shi hanya. Amma yaron da aka haifa a cikin ganuwar nan ba zai buɗe baki a gaban dattawa sa'o'in ubansa ya ce wurin budurwa za shi ba, ko da wuƙa a wuyansa. Jumare ya dubi ƙasa. Mai fayil ya ɗauki shirun a matsayin amincewa, ya kama hannun rigar ya kai shi sahun gaba, ya dasa shi tsakanin wasu masu tumbi biyu, ya tambayi sunansa ya rubuta. Na bi su ina cewa tare muke. Wani mai kulki ya dubi rigata sau ɗaya, ya nuna mini bayan igiya.

Daga bayan igiyar nan na ga abin da 'yan sahun gaba ba su gani ba, ko kuma suka ga dama ba su gani ba. A bayan katangar da ke jikin famfon akwai tankar ruwa a fake, an zuro tiyo ta wata 'yar kafa a gindin katangar, an rufe shi da yashi. Direban yana zaune a inuwa yana cin gyaɗa. Na ce masa, "Malam, ina bututun da ya kawo ruwan nan?" Ya ce, "Ga ni zaune." Ya ƙara da cewa Allah ya sa kada jawabi ya yi tsawo, don tankar tana yoyo.

Uban Almakashi bai iso ba sai da rana ta yi ja. Duk tsawon lokacin ina hango Jumare yana ɗaga mazaunansa kaɗan daga kujera, sai wani babba ya juyo ya gaishe shi, sai ya koma ya zauna. Ya za a yi ka tashi ka bar manya a zaune? Da Mai Girma ya iso, ya yi jawabi a kan muhimmancin ruwa ga ɗan Adam, abin da mu da muke kwana da ƙishi ba mu taɓa sani ba. Ya yanka kyalle, ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, aka yi tafi. Sai na ji lasifika ta ce yanzu Alhaji Jumare, wakilin mutanen Kusfa, zai sha kofin farko ya kuma yi godiya a madadin al'umma.

Aka miƙa masa kofin gilashi ya sha. Aka damƙa masa takarda da aka riga aka buga da tafireta. Ya waiwayo yana nemana, na girgiza masa kai har hulata ta kusa faɗuwa, amma mutum ɗari suna kallonsa, ga Mai Girma yana murmushi a gefensa. Ya karanta. Lasifikar nan kuwa ba ta rage ko harafi ɗaya ba, ta kai shi kowane tsakar gida a Kusfa: wai daga yau matan unguwar nan sun yi ban kwana da guga har abada. Wani mai kyamara ya ɗauki hotonsa, ya ce za a buga a jarida.

Kafin a gama naɗe rumfa tanka ta ja tiyonta ta tafi. Muka yi magariba a masallacin bakin hanya, sannan muka ƙarasa. Ban iya barinsa ya shiga shi kaɗai ba.

Malam Bahago yana zaune a kan buzu a zaure. Ya amsa sallamarmu cikakkiya, ya bar mu muka gama durƙuso, sannan ya ce, "Ashe wakilinmu ne da kansa. Yaushe muka zaɓe ka, ban ji ba?"



"Kujerar da ka zauna a kai tawa ce," in ji Malam. "Sau uku suna aiko mini da takardar nan in karanta. Na ce su nuna mini inda suka haƙa suka binne bututu, ko taku ɗaya ne. Ba su dawo ba. Ashe sun samu mai riga."

Na buɗe baki zan ce rigar shawarata ce, sai ga Sakinatu ta fito da tire. Kun san al'ada, baƙo ba ya fara magana sai an ba shi ruwa. Ta durƙusa ta gaishe mu da ladabi, ta ɗauke kyallen da ta rufe jug da shi, ta karkata shi a kan kofi, ta daɗe tana zubawa. Ko ɗigo bai fito ba. Ta miƙa wa Jumare kofin da hannu biyu, a nan na ga kantar igiyar guga a tafin hannunta.

"Bismilla, ka sha," ta ce. "Na famfonku ne. Tun asuba na ja guga goma sha biyu kafin in tafi makaranta, amma na ji an ce mun yi ban kwana, shi ya sa ban kawo maka na rijiya ba."

Wallahi na ji tausayin yaron nan har cikin raina. Ya karɓi kofin ya riƙe, ya ce, "Malam, ƙarya na karanta, kuma na san ƙarya ce. Kunya ce ta hana ni tashi."

Malam ya ce, "Ka makara, wannan kaɗai ya isa in sallame ka. Amma ka faɗi gaskiya a zaurena, ko da yake a lasifika ya kamata ka faɗe ta. Tunda kai ka shaida wa duniya ruwa ya zo, ba za mu ƙaryata ka ba. Ranar da aka murɗa famfon nan ya kawo, babu tanka a bayan katanga, ka dawo. Zaure a buɗe yake."

Sakinatu ta ɗauki tirenta. Har ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ta dubi wuyan rigar, ta ce a hankali, "Ɗinkin dai ya yi kyau." Maganar da Jumare yake ta juyawa ke nan har yau, ita ce ta hana shi haƙura.

Saboda haka, ya ku manyanmu masu albarka, ga auren bawan Allah a hannunku. Ba mu ce ku ba Kusfa ruwa kullum ba, mun san ba a saba ba, kada abin ya zo muku da nauyi. Rana ɗaya tak muke roƙo, ko ta awa guda ce, a cikin bututu na gaske. Kullum bayan sallar asuba Jumare yana takawa har filin nan ya murɗa famfo, ya kara kunne, ya dawo. Mero ta daina yi mini magana sai da ido.

Jiya kuwa ya dawo da wuri. Ya ce ya tarar an kwance kan famfon an tafi da shi, sai dandamali. Na bincika, aka ce mini ba sata ba ce, ma'aikata ne suka zo da kansu, don mako mai zuwa Uban Almakashi zai buɗe shi a wata unguwar. Ban san wace unguwa ba ce. Amma duk saurayin da ya fito ya ga duwatsun layinsu sun yi fari, ina ba shi shawara kyauta, a matsayina na wanda shawararsa ta riga ta kashe aure ɗaya: ya koma gida ya sa tsohuwar riga.