Kunya Dubu Da Tara

Maza uku na haifa. Barau da Jatau masu wayo ne, wayon da bai taɓa cika mini tukunya ba. Autan shi ne Cindo, wanda in ka ce masa ya sa ido a kan miya sai ka riƙe masa kai. Mahaifinsu ya rasu ya bar gandu guda, daga shi muke ci. Ko arba'in ba a yi ba manyan suka samo wani Alhaji daga birni. Nufinsu a raba, kowa ya sayar, ni kuma in koma cin tuwon sadaka a hannun surukai.

Wata rana Barau ya aiki Cindo ya ƙirgo kunyoyin gonar. Ya dawo da ƙasa har gwiwa ya ce dubu da tara.

"Cika ke nan ko mara?" in ji Barau.

"Yaya, Baba ne ya cika. Mara kuwa tawa lafiya lau."

Ya sha mari. Ni ban yi boko ba, amma na san mara ce, ba ta rabuwa biyu.

Wata rana suka zauna rabo a tsakar gidana. Suka kasa uku, kunya ɗaya ta yi saura. Suka sa ni a ciki, huɗu, ɗaya ta yi saura. Suka ƙara da matan manyan su biyu, shida, tana nan daram. Kowa ya ce tasa ce, har suka kama wuyan juna. Na ce, "Ba ku da kunya!"

"Suna da ita, Inna," in ji Cindo. "Kowa ɗari uku da talatin da shida."

Wata rana Jatau ya kawo Malam Ilu, mai koyar da lissafi. Ya yi ta zane a ƙasa, sannan ya kakkaɓe hannu. "Wannan adadi ba ya rabuwa daidai. Ko dai mutum ɗaya ya riƙe duka, ko a samo mutum dubu da tara kowa ya ɗauki guda."

Jatau ya yi tsaki ya dubi ƙanensa. "To kai wawa, sai ka je ka samo mana su."

Ya tafi kuwa. Ya bi kasuwa da ƙauyuka yana shela ana rabon gonar Baba. Ranar da Alhaji ya zo da motarsa, gonar ta yi baƙi da mutane, kowa da fartanya, kowa tsaye kan kunyarsa yana rantsuwa. Alhaji ko ƙofa bai buɗe ba, ya juya. Mai unguwa ya kore su da ƙyar, ya ce tunda na dubu ya gagara, sai na ɗaya: a bar wa tsohuwa.

Gonar tana hannuna. Barau da Jatau ko gaisuwar sallah sun daina kawo mini. Cindo ke noma. Bara na ce masa kada ya bar gonar ta kwanta, har yau da sanda yake zagaya ta yana tashinta.