Rasuwar Doña Chencha Mai Hannu Ɗaya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Don Eladio Peguero, mai gidan caca na Brisa del Norte da ke bakin teku a Puerto Plata, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa barin kuɗin cefanensa a gidan, rasuwar abar ƙaunarsa Doña Chencha, tsohuwar na'urar caca mai hannu ɗaya, wadda take tsaye a lungun hagu tun kafin a haifi yawancin ma'aikatan gidan. Ta cika ranar Talatar da ta wuce da hantsi, lafiyarta ƙalau. Doka ce ajalinta.

Marigayiyar ta sauka daga jirgin ruwa a cikin akwatin katako, lokacin da Don Eladio yake da gashi a ka da haƙora nasa na kansa. Mace ce mai nauyi, ƙarfe zalla, sai da ƙarti huɗu suka yi nishi kafin su ajiye ta. Ba ta da wani ado sai fuskar gilashi da lemo da kankana da ƙararrawa suke juyawa a ciki. In ka jefa mata kwandala ka ja hannunta, sai ta ce ƙarrrrr, sannan kwas, kwas, kwas, ta yi shiru ta bar ka da tunanin rayuwarka.

Duk wanda ya zauna da ita ya shaidi halinta. Ba ta taɓa raina baƙo ba. Ba ta bambanta lauya da ɗan acaɓa, kowa ta karɓe masa daidai wa daida. An zage ta, an doke ta da tafi, an taɓa zuba mata giya a baki, ba ta rama ba. Amana kuwa sai dai a yi koyi da ita, domin abin da ka ba ta ajiya ka ba ta ke nan har abada. Masu hassada sun kira wannan rowa. Mai makoki, wato Don Eladio, yana roƙon a bar wa Allah hukunci.

Sau ɗaya tak ta buɗe hannu a tsawon rayuwarta. Wata rana ruwan sama ya koro wata tela mai suna Mireya cikin gidan, da ƙunshin yadi a ka. Don kada a ce ta shigo fakewa kawai, sai ta jefa kwandala ɗaya ta ja. Ƙararrawa uku suka jeru. Marigayiyar ta ɓarke da ƙilin-ƙilin-ƙilin, ta yi ta amai har tire ya cika ya zube ƙasa. Don Eladio ya fito a guje da niyyar ya ce na'urar ta lalace. Ya dubi matar, matar ta dube shi, sai ya durƙusa yana taya ta tsince kuɗin.

Shekara da shekaru yana gaya wa mutane cewa ya auri telar ne don kuɗin gida su dawo gida. Ita kuwa Doña Mireya, Allah ya jiƙanta, duk lokacin da ta ji sai ta ce, "Ku rabu da tsohon banza. Da canjin da ya rage na saye shi, kuma har yau ina ganin an yi mini tsada."

Tun da aka binne Doña Mireya, kowace safiya kafin a buɗe ƙofa Don Eladio yakan ɗauko kofinsa ya zauna gaban marigayiyar, ya jefa kwandala daga aljihunsa, ya ja, ta cinye. Shi ne kaɗai mai gidan caca a faɗin arewacin ƙasar da ya zama babban abokin cinikin kansa, kuma bai taɓa cin kansa ba ko sau ɗaya.

Ciwon ajali ya faro ne daga idon wani. Nicanor, tsohon mai raba karta, yanar ido ta rufe masa gani, ya ajiye aiki, aka lulluɓe teburinsa. To, sharaɗin lasisin gidan shi ne yawan na'urori ya bi yawan teburan da ke aiki: teburi ya mutu, kason na'ura ya ragu. Da aka rage abin da za a rage aka mayar wa kamfanin da ya ba da hayarsu, sai ya zama saura guda ɗaya ta yi yawa. Yocasta, 'yar Don Eladio, wadda take riƙe da gidan yanzu yayin da uban yake riƙe da sunan, ba ta ɓata lokaci ba.

"Baba, Chencha ce za ta tafi."

"Uwarki ce fa ta..."

"Na san labarin, Baba. A cikin ciki na fara jin sa. Tsofaffi biyu ne suke taɓa ta, kai da Doña Ondina, kuma Doña Ondina wani lokacin maɓallin riga take jefa mata."

Mai makoki yana so a sani cewa bai bar ta ta tafi ba tare da magani ba. Ranar da Sufeto Ureña na hukumar kula da caca zai zo ƙidaya, Don Eladio ya lulluɓe marigayiyar da farin leshin matarsa, ya ɗora mata gunkin waliyyi da kyandir biyu da furanni. Sufeton, mutum mai ladabi da siririn gashin baki, ya tsaya a gabanta ya cire hula.

"Wannan fa, Don Eladio?"

"Wurin addu'a ne, yallaɓai. Ma'aikata suna tsayawa su roƙi sa'a."

"Madalla. Amma waliyyin nan wayar lantarki gare shi."

"Na zamani ne."

Wataƙila da an wuce a haka, don sufeton ya fara duban silin kamar mai neman dalilin rashin gani. Sai ga Doña Ondina ta shigo da jakarta da sandarta, ta ture waliyyi gefe tana cewa, "Gafara dai, bawan Allah, ka tare mini hanya," ta yaye leshin, ta jefa, ta ja. Ƙarrrrr. Kwas, kwas, kwas. Sufeton ya mayar da hularsa a hankali, ya ce ya ba su zuwa ƙarshen wata, in ya dawo ya tarar da ƙari ko na guda ɗaya ne, lasisin gidan ne zai amsa tambaya.

Magani na biyu ya fi na farko tsada. Tunda rashin teburi ne ya kawo cutar, Don Eladio ya yaye lulluɓin teburin Nicanor, ya ɗauro baƙar ɗamarar wuya da ya rabu da ita tun bikinsa, ya tsaya raba karta da kansa. Tabarau yana ta zamewa. Yakan biya wanda ya faɗi, ya ba wanda ya ci haƙuri, wani lokacin ya nuna wa jama'a kartar gida don su taya shi karantawa. Kafin mako ya zagayo labari ya gama gari. 'Yan acaɓa suka riƙa ajiye babura a ƙofa suna layi, masu sayar da soyayyen kifi suka rufe rumfa. Ba a taɓa ƙaunar Don Eladio a garin nan kamar wannan makon ba. Har wani ya sumbace shi a goshi.

Yocasta ta zo ta karɓe kartar daga hannunsa a gaban kowa, ta ja shi ofis ta rufe ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan, domin kuwa haka uwarta take yi.

"To a fitar da ɗaya daga cikin sababbin mana," in ji shi. "Waccan mai hoton damisa. Ko gaisuwa ba ta iya ba."

"Waccan mai damisar ita ke biyan masu dafa abinci. Baba, leƙa ta tagar nan. Wa za ka kira ka ce masa ya tafi gida saboda Chencha? Nuna mini shi, ni zan kira maka."

Ya leƙa. Ya ga mai shara da cikinta ya tsufa, ya ga mai gadin da shi ya riƙe masa ɗa a coci ranar baftisma. Ya daɗe yana kallo, yana jiran wata dabara ta uku ta zo. Ba ta zo ba.

Ranar Talata bai yarda kowa ya taɓa ta ba. Ya goge mata gilashi da hannun rigarsa, ya jefa kwandala ta ƙarshe, ya ja. Mai makoki ba zai ɓoye ba, ya sa rai. Ya ɗauka bayan wannan dogon zama za ta yi masa wata alama. Lemo ya fito, lemo ya sake fitowa, na ukun ya yi jinkiri kamar mai shawara, sannan kankana. Ta cinye. Ya sunkuya da ƙyar ya zare wayar, fitilar fuskarta ta dushe, ta yi ɗan tsaki, tsit, shi ke nan. Sai da Yocasta ta kama shi ya iya miƙewa, kuma ya lura ita ma tana ta fama da wani abu da ya faɗa mata a ido.

Marigayiyar ta bar ƙanne masu yawa, duk masu fuskar talabijin, marasa hannu, masu surutu da Turanci, waɗanda ko ɗaya ba ta rage waƙa ba ranar rasuwar. Ta bar Doña Ondina, wadda ta rantse ba za ta sake ba wata na'ura ko maɓalli ba, aka kuma gan ta washegari gaban mai damisa. Ta bar kujera mai ƙafa uku da fatarta ta lotsa daidai mazaunin mutum ɗaya. Ta bar Don Eladio, da kafaɗar dama da ta fi ta hagu kauri.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe. Da yake doka ba ta yarda a ajiye gawa a gida ba, ko da a ɗakin kwana ne, kuma an tambaya har sau biyu, sufeto zai manna mata hatimi a ɗora ta a motar ɗaukar kaya zuwa ma'ajiyar hukuma. Za a bi ta bakin teku a hankali. 'Yan acaɓan da suka ci arzikin teburin mai makoki ana sa ran za su raka gawa, ko don kunya. Fada, limamin coci, ya ce ba zai zo ba, amma ya aiko da gaisuwa da kuma buƙatar a mayar wa coci waliyyinta.

Za a karɓi gaisuwa har kwana tara a farfajiyar gidan. Akwai kofi da biskit, ranar cikon tara a dafa sancocho, romon nama da rogo, tukunya guda. An yarda a buga wasan domino, amma ban da sa kuɗi, domin teburin ba ya cikin lasisi. Kada a kawo furanni. Masu tambayar abin da ke cikin marigayiya su huta, Yocasta ta riga ta buɗe.

A ƙarshe, iyali suna roƙon masu zuwa ta'aziyya su kula da lungun hagu. Akwai wani murabba'i a daɓen da launinsa bai koɗe ba, a zagaye shi, kada a taka. Don Eladio ya nemi alfarmar a bar wurin haka nan har a yi addu'ar tara, kuma Yocasta ta amince. Tukunyar shukar da ta saya don ta ajiye a wurin tana bayan ƙofar ofis tana jira. Tana zaton bai gani ba. Shi yake ba ta ruwa.