Igiyoyin da Na Datse wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga teku ba, kuma daga ita ban sake ba. Lokacin ina ɗinki a unguwar Uhudu da ke Madina, wata uku da aurena, ina ta neman hanyar burge surukina. A Yanbu yake zaune, garin bakin teku, yana da ɗan jirgin ruwa mai sanda biyu, doguwa a gaba, gajera a baya, kowacce da shira'inta, wato ƙyallen da iska ke bugawa ta tura jirgi.

Da ya zo Madina ziyara, sai ya kawo mini babban shira'in in yi masa faci. Ina shimfiɗa shi na ga wasu 'yan igiyoyi a jere suna reto a tsakiya. Ni kuwa ba abin da na tsana kamar zare yana reto a jikin aiki. Na sa almakashi na datse su tas (har ina tausaya wa telan farko), na naɗe, na kai masa har Yanbu da kaina. Idon tsohon ya yi rauni, facin kawai ya shafa, ya sa mini albarka, ya ce mu shiga jirgin mu ɗan zaga. Na bar jallabiyata a mota, daga ni sai singileti da wando.

Bayan azahar iska ta taso. Jirgi ya kwanta gefe guda, ruwa na shigowa, ni ko iyo ban iya ba. Ya sauke ƙaramin shira'in, ya sassauto babban, ya ce in tattare ƙasansa in ɗaure da igiyoyin nan, a rage wa iska wurin kamawa.

"Waɗanne igiyoyi, Baba?" na ce, alhali na sani sarai.

Ya laluba, ya ji wayam. Ya kwance igiyar kwandon kifi, ba ta isa ba. Shi zane ne a ƙugunsa, don haka sai ya dubi wandona.

"Yalla ya waladi, maza ɗana, zaro tazugen nan."

Na zaro, muka ɗaure shira'in da shi. Jirgi ya miƙe, muka lallaɓa zuwa gaɓa. Haka na sauka gaban masunta, hannu ɗaya riƙe da wando, ɗayan ina amsa musafaha, shi kuwa yana gabatar da ni ɗaya bayan ɗaya: "Mijin 'yata ne, tela."

Wallahi hamdala kawai nake yi, don ƙasa ba ta taɓa yi mini daɗin takawa haka ba. Kunyar sai da na kusa Madina ta kama ni. Yanzu ko zaren buhu na gani yana reto, sai na tambayi mai shi aikinsa tukuna.