Zoɓo a Tankin Zarto

Surukina, mijin 'yata, ya aro tsohon injin zarto wurin kafilinsa, wato ubangidansa a nan Jidda, don mu sare reshen da ke shirin faɗo wa katangarmu. Injin ya ƙi tashi. Na ce a ba ni wuri, ai na yi aikin katako a Gabon. Tankin a bushe yake. Na san fetur ɗin Jidda ja ne, ba irin na Kano ba, sai na ɗauko wata jarka mai jan ruwa da na gani a bakin ƙofa na tuttula, ga mura ta toshe mini hanci. Ina jan igiyar injin ina gumi, shiru.

Matata ta leƙo. "Alhaji, ina zoɓona?"

Surukina ya dafe kai. "Halas, shi ke nan, Baba, aikina ya tafi!"

Bakanike ya cece mu. Amma har yau in aka kawo zoɓo, jikokina sai sun tambaya, "Na Kaka ne ko na injin?"