Godiya Kan Tudun da Kuka Mayar Ruwan Toka

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Fenti, uban tsafta, garkuwar teku.

Bayan gaisuwa da fatan kujerarka na nan da laushinta, ni ce Herminia, ɗiyar Don Nibaldo masunci, daga tudun da ke kallon tashar jiragen ruwa. Godiya na kawo, ranka ya daɗe.

Na ɗaya, mun gode da kuka bi dokar nan da ta ce kamfanin da ya haɗa fenti shi zai kwashe ragowarsa. Motarku ta zo ta kwashe gwangwanayen fentin masunta kaf. Da ma mu jahilai ne: tun kakanninmu, wanda ya shafe kwale-kwalensa sai ya shafa wa gidansa ragowar, don ya hango ƙofarsa tun daga teku. Ashe wannan ba sake amfani ba ne, tunda ba a ɗauki hoto ba.

Na biyu, wane gwani ne ya juye ja da shuɗi da kore da ruwan ɗorawa cikin tanki guda? Kai, madalla! Abin da ya fito kuka dawo mana da shi kyauta, har da makaɗa, kuka shafe unguwa. Yanzu kowane gida kalar ruwan wanke-wanke. Maƙwabciyata Señora Fresia ta rantse ko kyanwarta sai ta yi tambaya kafin ta shigo.

Na uku, kuma nan ne raina yake ɓaci. Tsufa ya cinye wa mahaifina tunani, sunana ma sai ya lalubo. Amma bai taɓa ɓata ba, domin gidanmu ruwan ɗorawa ne, kalar jirginsa. Kullum yakan sauka bakin ruwa ya gaisa da abokai, ya ɗaga kai, ya bi kalarsa ya dawo shan shayin yamma. Tun da alherinku ya sauka, tsinto shi ake yi a wasu tuddai. Na sayo fenti zan mayar da kalar gidanmu, jami'inku ya ce bangon yana cikin tallanku, kar a taɓa. Jiya a ƙofar gidanmu na same shi tsaye, hula a hannu, yana tambayata cikin ladabi ko na san inda mutanen gida mai ruwan ɗorawa suka koma.

Don haka, ranka ya daɗe, idan ka samu sarari ka hau tudunmu ka ba shi amsa da bakinka.

Taka mai biyayya har ƙasa,
Herminia Catalán Ojeda
Gida mai ruwan toka, kusa da mai ruwan toka