Surutun Habsatu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar raba sakamakon zango na biyu, ranar da bakina ya jawo mini kunyar da har yau ba ta sake ni ba.

Lokacin ina riƙe da aji huɗu a wata firamare a unguwar Rikkos. Malamar ɗaya ajin ta tafi haihuwa, sai Madam, shugabar makarantarmu, ta haɗe mini azuzuwan biyu, wai na ɗan lokaci ne. Yara sun haura tamanin. Ni ce malama, ni ce alƙaliya in an saci fensir, ni ce nas in an fasa goshi, ni ce mai lallashin wanda ya zo bai karya ba. A haka Madam za ta leƙo ta taga ta ce, "Malama, ki riƙa murmushi mana, yara na tsoronki." (A ina zan samo murmushin? A Tina Junction ake sayar da shi?)

Haushin kowa nake ji, musamman iyaye. Su koro mana yara da safe, ba mai leƙowa, sai ƙarshen zango a zo ana tambayar me ya hana yaro zuwa na ɗaya. Don haka na haɗa faɗa guda ɗaya na haddace, duk wanda ya zo in juye masa.

Ran nan iyaye sun yi layi a gaban teburina, kaina na sarawa, sai wani dattijo ya matso, da gani mai fataucin shanu ne. Ya ce shi ne mahaifin Habsatu Umaru. Na zaro katinta, na ga abin da na rubuta a ƙasa: "Ta rage surutu." (Rabin ajin abin da na rubuta musu ke nan.) Ai kuwa na fara.

"Baba, 'yarka ta ishe ni! Bakinta ba ya rufuwa. Ku ba ku tarbiyyarsu a gida, sai ku bar mana wahala. Ko jiya sai da na sa ta durƙusa a gaban allo!"

Wannan na ƙarshen ƙarya ce tsagwaronta, don faɗan ya ƙara armashi na ƙara ta.

Dattijon nan bai katse ni ba har na gaji. Sannan ya ce, "Malama, ai Habsatu watanta biyu a kwance. Keke ya buge ta, ƙafa ta karye."

Sai a lokacin na dubi tsakiyar katin. Babu maki ko ɗaya. Ashe ƙawarta ce ke amsa mata suna kullum, ni kuwa ban taɓa ɗaga kai daga rajista ba. Wata mata a layi ta ce, "Kai, yarinyan nan akwai murya fa, daga gado ana jin shi har kilas!" Layi ya fashe da dariya.

Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba don kati na zo ba. Ita ce ta matsa in tambaye ki, wai ko kin lura ba ta zuwa."

Na miƙa masa katin ina kallon tebur. Ya ɗan jira, ya ninke katin ya sa a aljihu, ya ce, "Ba komai. Zan ce mata kin tambaye ta."

Wato a ranar ni na yi wa yarinyar ƙarya don a yi mata faɗa, ubanta kuma zai yi mata ƙarya don ya rufa mini asiri. Na faɗa ofishin Madam, na ce ko a raba ajin nan ko a nemi wata. Ta ce in yi haƙuri. Na fito na rasa wanda zan huce a kansa, domin babbar mai laifin ita ce sanye da mayafina.

Washegari na sayi lemo na je dubiya. Habsatu tana ganina ta washe baki ta ce, "Baba ya ce kullum sai kin tambaye ni." Na ce haka ne, na kau da kai.

Har yanzu ina yi wa iyaye faɗa, ban zama waliyyiya ba. Sai dai kafin in fara, nakan ce a nuna mini yaron tukuna.